Komai Nisan Jifa

Ni ce mai rubuta bayanin taron majalisar gari,
shekara goma sha tara, daren Talatar farkon wata,
a ɗakin da ke bayan gidan waya,
inda injin ɗumama ɗaki ke tari kamar tsoho.
Don haka na san muryar Orvil Stejskal
fiye da fuskarsa;
yana magana, kaina a sunkuye.

Sun ce ya tuƙa jirgin yaƙi yana ɗan ashirin da uku.
Sun ce, don shi bai taɓa cewa ba.
Akwai hoto ɗaya a kicin ɗin Wilma:
saurayi da hular kwano a hammata,
yana murmushin wanda bai san kuɗin komai ba.
Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.
Shi nan ya faɗo, cikin tuddan yashin Nebraska,
da jaka ɗaya da mataccen kunnen hagu,
ya sayi shanu arba'in da bashin banki,
rabinsu ramammu, ɗaya gurguwa.

Bai iya kiwo ba da farko, kowa ya sani.
Maƙwabta sun sha dariya ranar da bijimi ya kore shi
har ya ɗare injin iska mai jan ruwa.
Amma sararin sama kamar wasiƙa yake karanta shi.
Sai ya ɗaga kai ya ce, "Ku shigo da maruƙa,"
kafin rediyo ya farga, dusar ƙanƙara ta binne shinge.

Wuta ce kaɗai ba ya wasa da ita.
Shekara uku a jere yana kawo maganar motar kashe gobara,
shekara uku Dale Hultgren yana buga tebur:
"Mu ɗari uku da sha ɗaya ne! Da kuɗin wa?"
A ta huɗu Orvil bai zo da takarda ba.
Ya miƙe, yana juya hularsa a hannu, ya ce,
"Na taɓa ganin gari yana ci da wuta, daga sama.
Daga can ba ka jin ƙauri, ba ka jin kuka.
Har kyau gare shi, shi ne abin."
Ya yi shiru. Injin ya yi tari.
"Ni na kunna ta."
Ban rubuta wannan ba.
Na rubuta: An amince, ƙuri'a biyar, ba mai ja.

Motar ta zo, ja, kwancen wani gari da ya fi mu.
Shi ke wanke ta kowace Asabar.
Sau biyu muka zaɓe shi shugaban gari,
sau ɗaya muka kayar da shi kan harajin kwalbati,
washegari ya zo da shebur ya yashe kwalbatin.
Ba waliyyi ba ne. Yana da riƙo;
shekara shida bai gai da ƙaninsa ba saboda rijiya,
kuma in ya dafa kofi, sai dai ka sha don kunya.

Da ganinsa ya gaza, 'yarsa ta ɓoye makullin mota.
Ya koma zaman bakin shinge da yamma.
In jirgi ya ja farin zare can ƙololuwa
ba ya ɗaga kai.
Shanunsa yake ƙirgawa da kunne ɗaya.

Mun binne shi ranar Alhamis, iska na kwasar huluna.
Sojoji biyu suka zo daga nesa, suka naɗe tuta,
suka jero lambobin yabonsa.
Mu ba mu san wannan mutumin ba.
Namu shi ne wanda jar mota ta biyo a baya,
a hankali, ba jiniya,
Dale Hultgren a sitiyari, ɗan tamanin da ɗaya,
yana ta goge gilashi da hannun riga,
alhali gilashin ba abin da ya same shi.