Sunanta Alfijir

A hawa na goma sha bakwai, a Makati,
ƙarfe tara na dare ne safiyarta.
Takan rataye sunanta a ƙofa kamar laima,
ta yafa na aro:
"Barka, Jenny ce, da me zan taimaka?"

Uwarta ta raɗa mata Liwayway,
wato ketowar alfijir a harshensu.
Shekara huɗu ke nan ba ta gamuwa da takwaranta
sai ta tagar motar haya, ido jawur,
shi yana fitowa, ita tana komawa.

Wani dattijo can ƙetaren teku
yana surfa mata zagi don firjinsa ya daina sanyi.
Ta ce, "Na fahimci damuwarka."
Allo na ƙirga daƙiƙu a saman kanta,
minti shida aka yanka wa kowane fushi,
abin da ya haura, laifinta ne.
An ce ta riƙa murmushi, wai ana jin haƙora a murya.
Ta yi har muƙamuƙi ya ƙage.

Da hantsi ta manna kwali a taga
don ta yi wa jikinta ƙaryar dare.
Barci ya zo bakin gado ya tsaya,
ya ji babur, ya ji mai tallan kifi, ya juya.
Sai yatsa ya fita kiwo a kan gilashi,
kiwon da ba a ƙoshi:
wance ta yi gida, wance ta haihu, wance tana Dubai.
Tana danna musu alamar zuciya,
tata kuwa na dukan uku-uku,
alhali ba kowa a ɗakin sai fanka.

Ran Lahadi uwa ta kira daga Batangas.
"Kina dai cin abinci?"
Ta buɗe baki, Jenny ta riga ta:
"Na gode da kira, akwai wani abu kuma?"
Shiru.
Can tsohuwa ta ce,
"'Yar nan, da wa nake magana?"

Ta sulale gefen tukunyar shinkafa.
Kukan da ta daɗe tana ce wa ya jira a layi,
yau aka haɗa shi.

Ran Talata, a asibitin unguwa,
wata ma'aikaciya ta miƙo takarda mai tambayoyi tara:
barci, ci, fargaba, sha'awar rayuwa.
Ba su ne suka tsayar da ita ba.
Layin farko ne, inda aka ce: Suna.

Ta daɗe riƙe da biro.
Sannan ta fara, harafi bayan harafi,
kamar 'yar aji ɗaya.