Kwanon Sahura

Haƙora huɗu gare ki, Sahura,
amma tun Laraba kin yi fushi da cokali.
To, na ji.

Na dafa dankali har ya yi luguf,
na yanka shi tsawon ɗan yatsana.
Alale babu yaji, gwaiduwar ƙwai,
gwanda yanka biyu,
da kabewar da Iya Lantana ta aiko daga Ajiwa.
Gyaɗa? A'a, sai kin yi turame.

Na rufe kwano, na ɗaure da tsohon ɗankwali.
Mai Keke na ta oda a Ƙofar Marusa,
ɗalibaina na jira.

Da la'asar zan iske kwanon wayam:
rabi a cikinki,
rabi a gashinki,
kajin Gwaggo kuma suna ta yi mani godiya.