Lami ko Jummai

Na'urar ta iso Tawa cikin kwali,
kyautar wani asibiti na Turai,
ta zo da agogon garinsu a ciki
kamar baƙon da bai kwance kaya ba.

Duk watannin sanyi ba wanda ya lura,
ƙarfensu da namu kafaɗa ɗaya.
Da bazara ta kama, can suka tura agogo gaba,
ita ma ta bi su, ba sallama.

Madam Zalika ce ta kira ni da asuba:
"Tsahiru, zo ka ga aikin injinka.
Da hannuna na karɓi yarinyar nan,
sha ɗaya da minti ashirin, daren jiya, Alhamis.
Takarda ta fito ta ce Juma'a."

Na zo kan babur, ban ko karya ba.
Ɗakin haihuwa na warin sabulu,
fanka na juyi da ƙyar.
Na buɗe baƙin allo,
fararen haruffa na jiran umarni.
Na tambaye ta: ina kike zaton kike?
Ta amsa ba kunya: Paris.

Na ce a'a, baiwar Allah,
leƙa taga ki ga buhunan albasa.
Na nemi izinin mai gida, na ba da kalmar sirri,
na rubuta a hankali, yatsa ɗaya ɗaya:
timedatectl set-timezone Africa/Niamey
Babu Tawa cikin jerin garuruwanta,
sai muka ari sunan Yamai,
rana ɗaya ce ke dafa mu.

Awa guda ta koma inda aka ɗauko ta.
Ba ƙara, ba hayaƙi.
Madam ta sake buga takarda: Alhamis.

Na fito ina jin kaina,
sai ga kakar jaririya bisa tabarma,
Inna Kuluwa, tana ɓare goro.
Na ce, "An gyara, Inna, Lami kuka samu."

Ta dube ni sama da ƙasa.
"Yaro, tun da rana ta faɗi jiya
Juma'a ta shigo gari.
Wa ke jiran tsakar dare ya sauya rana,
in ba ɓarawo ba?
Jummai ce. Injin ya fi ka sani."

Na tsaya da makullin babur a hannu.
Daga ciki yarinyar ta tsala kuka,
ba ta tambayi kowa ƙarfe nawa ba.