Kilo Goma Sha Tara

Shekara uku ina sayen takalmi a Gujungu,
ran Lahadin da ke gab da salla.
In auna da tafin hannuna, in ƙara yatsa biyu,
in ba direban Harbo ya kai.
Ko ya shiga, ko ya matse,
ba wanda ya dawo min da magana.

Da ya yi ƙyanda, a bakin mai man gyaɗa na ji.
Tana tsiyaya min a kwalba ta ce, "Ai ya warke."
Ya warke daga me?
Man ya cika ya malala ƙasa,
daga ni har ita ba wadda ta lura.

Na kira Haladu har katina ya ƙare.
Na tura kawu Bawale da goro.
Amsa ɗaya: yaro lafiya lau, me kuma take nema?
Lafiya lau ai baƙo ake faɗa wa a bakin zaure.

Ban je kotun Jahun don raba ɗa da uba ba.
Tun ban gama durƙusawa ba na faɗa:
can gonarsu take, can kakarsa mai ji da shi,
ni dai a bar min kunnena.
Alƙali ya ɗaga biro. "Sunan yaron?"
Ɗan fari ne.
Tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunan nan ba,
"wancan" nake cewa,
yadda innata ta yi da yayana har ta koma ga Allah.
Kotu ta yi tsit, sai kukan akuya a bayan taga.
"Baiwar Allah, takarda ba ta san kara ba."
Na dubi siminti na ce: Muzammilu.
Ya fito a hankali, yana ɗiga,
kamar guga daga rijiya gaba goma sha biyu.

Falle ɗaya ce, da shuɗin hatimi.
Tasalla 'yar maƙwabta ta karanta min sau huɗu har na haddace:
makaranta ta nuna mata,
asibiti ya gaya mata,
in ciwo ya kwantar da shi, uba ya aika kafin kwana biyu.

Hedimasta ya juya ta gaba da baya kamar jabun kuɗi.
Ya ce sai ya ji daga uban.
Na ce uban ya riga ya ji daga alƙali.
Na zauna gindin darbejiya har aka tashi tara,
ina ƙirga kawunan 'ya'yan mutane.
Nawa bai zo ba,
an tura shi korar tsuntsu a fadama.
Can dai aka buɗe rajista:
aji biyu, na tara cikin arba'in da ɗaya,
lissafi na ba shi wuya.
"Kuma da hagu yake rubutu."
Bahago!
Na ɓoye nawa hannun cikin mayafi,
wanda aka doka da muciya har ya bar cin tuwo.

Malamar asibiti ba ta ja ba, ta zaro kati.
Ƙyanda. Zazzaɓi sau biyu.
Ƙarin ruwa leda ɗaya,
a daren da nake Kiyawa ina raba alkakin biki ina dariya.
Nauyi: kilo goma sha tara.

Lahadi na tsaya gun mai sikelin riɗi.
Na ce a auna min sha tara, aro, ba saye ba.
Na sunkuya, na goya, na ɗaure zani a ƙirji.
'Yan dako na dariya: Hajiya, a ka ake ɗaukar buhu!
Na taka har ƙarshen layin masu barkono na dawo.
Ya fi yadda na bar shi,
bai kai yadda nake so ba.

Lambar takalmi kuwa na manta ban tambaya ba.
Takardar na nan cikin leda, ƙarƙashin samiru.
Litinin zan koma.