Ban Ruwa

A da, kowane dare sai na kai ƙarfe biyu
a ɗakin sama na wajen Ƙofar Ƙaura,
ni da kwamfuta da fanka mai kukan tsufa.
Shafin Hajiya Barira ne, na leshi da turare.
In ta ƙaro kaya uku, aiki tara ya hau kaina:
in rage nauyin hotuna ɗaya bayan ɗaya,
in tara fayiloli in dunƙule su wuri guda,
in share na jiya, in gwada, in sake gwadawa,
sannan in ɗora, ina roƙon kada a ɗauke wuta.

Wata Laraba gyangyaɗi ya sace ni a mataki na shida.
Gari ya waye, shafi ya tashi ba farashi,
leshin dubu arba'in yana nuna sifili.
Kafin hantsi mata goma sha ɗaya sun yi oda.
Hajiya ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi,
"Rabe, ashe sadaka muka buɗe ban sani ba?"
Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ran Juma'a na hau mota zuwa Ajiwa
in ɓoye kunyata a garkar Baba.
Na iske shi gindin mangwaro yana ɓare goro,
fartanya a jingine, ruwa na tafiyarsa.
Baki ɗaya ya buɗe da dunduniya,
ruwa ya cika fangalin albasa,
ya gangara na tattasai, ya ratsa na kabeji,
babu wanda ya tsallake.
Na ce, "Baba, yau hutu?"
Ya ce, "Aikin tun kaka na yi shi,
ran da na ja hanyar nan, bayana ya yi kwana uku yana ciwo.
Kai da mi kake ban ruwanka?"
Na yi shiru. Da gwangwani nake yi.

Na dawo Katsina na zauna jan hanya.
Na rubuta wa na'ura matakan nan tara
kamar mai yi wa yaro kwatancen gida:
ka fara da wannan, in ya yi ka wuce,
in ka ga farashi babu, tsaya, kada ka matsa.
Daren farko ta ƙi.
Na biyu ta share mini hotuna duka,
Mannir na teburin gefe ya yi dariya har da tari.
Na uku, waƙafi ɗaya ne ashe ya ɓata,
ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar gero.
Na sa shi. Na danna.
Layuka suka zubo suna bin juna,
kore, kore, kore,
na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a ɗakin siminti.

Yanzu in na adana gyara, ita ke ɗauka.
Ta matse, ta haɗa, ta gwada, ta ɗora.
In ta ci karo da ɓaraka sai ta yi ja ta tsaya,
kamar yadda Baba ke danna curin laka
kafin ruwa ya shiga gonar maƙwabci.
Duk da haka kowace safiya ina bin rahotonta layi-layi,
don na ga shi ma yana zaga hanya da asuba
yana duba inda gafiya ta huda.

Jiya Hajiya ta ƙaro leshi goma sha biyu.
Ina teburin mai shayi, ƙwai bai ma soyu ba,
waya ta girgiza: an ɗora.
Hannuwana suka rasa abin yi,
na riƙe kofi da duka biyun.

Wayar ta sake ƙara. Ɗaya daga cikin sha ɗayan nan ce,
wata mata daga Sabuwar Unguwa.
Har yau tana tambayar leshinta na kyauta.