Beben Kaset

Kawu Talle ya bar mini gadon buhu guda,
ba na gero ba, na kaset.
Shekara ashirin kyamara na kan kafaɗarsa,
har kafaɗar ta karkace,
a haka aka kai shi makwanci.

Shagona na titin Gidan Zu taku huɗu ne.
Fanka tana juya zafi, ba ta korar sa.
Ina goge fumfuna da auduga,
ina juya zaren da ɗan yatsa
kamar mai lallashin yaro ya yi magana.

Sana'ata ɗinki ce, ba allura.
In yanko jirgin ƙasa daga tsohon fim
in ɗora masa kukan sarewa.
In ɗebo ruwan saman da na ɗauka a Kurna
in sa ya zubo a kan kalangu,
in ja shi, in ja shi,
har ɗigo guda ya kai numfashi uku.
Sagiru na shagon kusa ya leƙo:
"Wa zai sayi wannan? Ina labarin?"
Na ce tsakanin ido da kunne akwai fili,
nan na kafa rumfata.
Ya yi dariya, ya ari caja.

Kaset na goma sha bakwai, da jan biro:
"Jatau mai gurmi, Fagge, daren Asabar."
Hoto ya zo yana rawar ɗari.
Sauti bai zo ba, damina ta cinye shi.
Ga Jatau, baki a buɗe, jijiyar wuya a miƙe,
yatsu na gudu a kan tsirkiya,
shiru, kamar kifi a kwalba.

Kyamara ta juya cikin taro.
Kujerun ƙarfe, kwalaben lemo, wani na liƙi,
sai ga saurayi, suma tuli guda,
hula a aljihu, ido a rufe,
yana taka ƙasa kamar ta ci bashinsa.
Na tsayar. Na mayar. Na tsayar.

Baba ne.
Baban da ke rage rediyo in an sako kiɗa.

Kwana tara ina auna masa sauti.
Na sa garaya, ƙafarsa ta riga ta.
Na sa fiyano, ya zama baƙo a garinsu.
Gangar kwamfuta ta cika tsaf-tsaf,
shi kuwa mutum ne, yana ɗan makara.
Wuta ta ɗauke sau shida,
janareta ya sha kuɗin cefane.

Ran Juma'a bayan la'asar
na same shi a soro, a Yakasai,
na ɗora masa kwamfutar a cinya.
Ya gyara tabarau. Na gyara zaman shan faɗa.
Bai ce uffan ba.
Sai ɗan yatsansa a gefen kwanon fura:
ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas,
daidai da ƙafar yaron can,
har da 'yar makarar,
shekara arba'in a tsakaninsu.
Na zaro waya, na danna, ban nemi izini ba.

Abin da na fitar minti uku ne da ɗoriya.
Babu gurmi a ciki.
Jatau na rera shirunsa,
ƙarƙashinsa yatsa a kan kwano,
tari ɗaya, hon ɗin adaidaita daga bakin lungu,
sai murya a ƙarshe, ƙasa-ƙasa:
"Talle, Allah ya jiƙanka, ashe ka kama ni."

Mutum arba'in da ɗaya suka kalla.
Sagiru ya kalla sau biyu,
ya ajiye mini cajata, ya fita.

Baba bai tambayi inda na kai shi ba.
Jiya dai, ina sa takalmi zan tafi,
ya ce, yana duban bango,
buhun nan na Talle,
in na kai na goma sha takwas
in biyo da shi.