Bayan Na Sauko

Kwana goma sha ɗaya ban runtsa ba,
kuma gajiya ba ta san hanyar gidana ba.
Da asuba na tsaya a Farin Gada
na taya motar kabeji, dukkanta,
aljihuna kuwa ko sisi babu.
Na ce wa Davou, kafin Juma'a za ka ga ribar
da kakanka bai haƙo ba a ramin kuza.
Ya yarda. Shekara tara muna ciniki
bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Kabejin ya ruɓe a zaurenmu na Gangare.
Da sati uku warin ya fita.
Ni ban fita ba.

Likitar Lamingo ta zana layi a takarda,
ya hau kamar dutsen Shere, ya faɗo kamar guga a rijiya.
Ta ce, ciwo ne mai kai biyu, Malam Tanimu,
ba kai ba ne.
Na ce to.
Amma muryar da ta zagi surukina a bainar jama'a
na san ta.
Da ita nake kiran 'yata cin abinci.

Ashe laifi mai sauƙi ne, yana da lamba.
Na rubuta shi a bayan kalanda:
Davou, dubu ɗari huɗu da ashirin.
Keken ɗinkin Lantana, da na kyautar a tasha
ga mutumin da ban san sunansa ba.
Kowane wata ina soke kaɗan.

Kunya ce ba ta karɓar biya.
Ba ta cewa ka yi ɓarna,
cewa take kai ne ɓarnar.
Ita ke sa ni zagayawa ta Dilimi
don kada in gifta gaban mai shayin
da ya gan ni a kan teburinsa, ƙafa ɗaya ba takalmi,
ina yi wa kofuna wa'azi.

Inna ta ce tun ina goye haka nake,
dariyata kan tashi unguwa,
fushina kamar ƙanƙarar garin nan,
ya zubo da rana tsaka, kafin a kwashe shanya ya narke.
Hali zanen dutse, in ji ta.
To ina zanen ya ƙare, ina ciwon ya soma?
Ina haɗiye ƙwayar dare da ruwan sanyi
ina tsoron kada ta kankare har da ni.

Jiya Davou ya yi sallama.
Na ce a ce ba na nan.
Ya zauna a benci cikin yayyafi har la'asar,
ya bar ledar dankali,
ya ce wa Lantana, bashi zai iya jira,
hira ce ta yi masa ƙaranci.

Ledar na bayan ƙofa.
Takalmana na kusa da ita, duka biyun.
Gobe Laraba, yana shago tun bakwai.